Tashar Jirgin Ƙasa ta Nguru: Tambayoyi da Amsoshi

Duk inda na ce ni mutumin Nguru ne, ko a Kano ko a Kaduna, tambaya biyu ake jefo mini: ta kifi da ta jirgi. Ta kifi ba ta da wuya. Ta jirgi ce mai jan zance, don wasu ba su ma san dogo ya kai garinmu ba, wasu kuma sun sani amma sun ɗauka tuni rairayi ya binne shi. A bayan tashar nan na tashi, kakana ɗan dako ne a cikinta, shi ya sa na tara tambayoyin da aka fi maimaita mini, na amsa su wuri ɗaya.

Wai da gaske akwai tashar jirgin ƙasa a Nguru? Ina layin ya fito, ina ya nufa?

Akwai, kuma ta girmi Najeriya mai 'yancin kai da shekara 30. Layin reshe ne da ya ɓalle daga Kano ya miƙa arewa maso gabas, tsawonsa kimanin kilomita 230. A yau jiha uku yake ratsawa: Kano, Jigawa, sai ya ƙare a Yobe. Daga Nguru bai nufi ko'ina ba. Nan ne ƙarshen dogo, in ka bi ƙarfen da ƙafa ka wuce tasha kaɗan, za ka ga inda ya tsaya cak.

Yaushe jirgi ya fara zuwa?

A 1930 aka buɗe layin har Nguru. Jirgi ya riga ya shigo Kano tun 1911 ta layin Baro, sai a ƙarshen shekarun 1920 Turawa suka miƙa rassa biyu zuwa can ƙuryar Arewa. Na yamma ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, na gabas kuma shi ne namu. Kusan tagwaye ne, har halinsu ɗaya: kowanne ya tsaya a garin da ba shi ne babban birnin yankinsa ba, kowanne kuma ya mai da wannan gari kasuwa.

Sai dai tashar ta zo da rashin sa'a. An buɗe ta daidai lokacin da kasuwannin duniya suka karye, farashin gyaɗa ya faɗi warwas. Daga nan gwamnatin mulkin mallaka ta ɗaure bakin jakarta, ba a sake jan wani dogon layi a Arewa ba sai 1958.

Me Turawa suka gani a Nguru har suka ja dogo zuwa can?

Kaya suka gani, ba mutane ba. Wanda ya riƙe wannan zai gane duk sauran labarin tashar, har da abin da ke damun fasinja a yau.

Tun da gyaɗa ta yi kasuwa a Kano a 1912, abin da ya rage wa kamfanonin Turawa shi ne yadda za su kai hannu ga manoman da ke nesa da tasha. Jaki da raƙumi suna da iyaka. In tafiyar ta yi tsawo, kuɗin dako ya cinye ribar buhu. Ƙasar Ringim da Gumel da Haɗeja ƙasar gyaɗa ce, jigawa mai rairayi, to sai aka kawo musu jirgi ƙofar gida. Nguru kuwa ta fi gyaɗa. Mahaɗa ce ta yammacin Borno: ƙaro daga dazuzzukan Manga da Bade, fatu da ƙiraga, shanu, bandar kifi daga fadama da kogin Yobe har zuwa tafkin Chadi, ga kanwa da gishirin mangul da ayarin raƙuma ke saukowa da su daga ƙasar Nijar ta yau, wajen Gure da Maine-Soroa. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata ba ta hana fatake bin hanyar da ta fi kusa ba, kuma ga mutumin waɗannan wurare babu dogon da ya fi na Nguru kusa.

Nan da nan kantuna suka tashi a gefen layi. Manyan kamfanoni irin su UAC da John Holt ne suka riƙe cinikin amfanin gona a Arewa a wancan zamani, ga Kwarori, ga dillalan attajiran Kano. Kakana ya ce da kaka ba a gane dare da rana a tashar. Sikeli na aiki, magatakarda na rubutu, su kuma suna sassarfa a kan katako da buhu a wuya, suna jera shi cikin tarago har ya taɓo rufi. Ya rasu da wani kanta a ƙeyarsa mai kauri kamar tafin ƙafa, muna yara mukan nemi ya bari mu taɓa.

Akwai sana'ar da mutanen waje ba su cika sani ba, ita ce ta bandar nama. A yanka shanu a Nguru, a yayyanka naman, a tafasa, a busar a kan wuta, a ɗura a buhu, jirgi ya kai shi Ibadan da Legas. Garin ya yi suna da wannan ƙwarai a Kudu. Shanu masu rai ma ta nan ake lodinsu, maimakon a kora su a ƙasa wata da watanni su isa a rame.

Shi fasinja daga baya aka tuna da shi. An liƙa masa tarago a jikin jirgin kaya, aka ce bismilla.

To kafin zuwan jirgi babu garin ne?

Subhanallahi, akwai. Nguru tsohon suna ne a tarihin Borno. Nan ne mazaunin Galadiman Borno, mai riƙe wa Mai, sarkin Borno, yammacin daula, wato ɓangaren da ke fuskantar ƙasar Hausa. Tarihi ya kawo cewa a ƙarni na 16 Kanta na Kabi ya gwabza da rundunar Borno a Nguru. Saboda haka wanda ya ce jirgi ne ya kafa Nguru ya yi wa Mangawa da Barebari rashin adalci.

Abin da jirgi ya yi shi ne ya ja garin zuwa jikinsa, ya cika shi da baƙi. Sunayen unguwanni sun isa shaida. Hausari, da harshen Kanuri, unguwar Hausawa ke nan: Kanawa da Haɗejawa da Katsinawa da suka biyo dogo neman abinci suka zauna. Yarbawa sun zo cinikin nama da kifi da goro, Inyamurai sun zo aikin reluwe da kanti. Shi ya sa Hausa ta zama harshen kasuwa a garin da asalinsa ƙasar Borno ce. Almajirai ma sun ci moriyar layin, don a zamanin Shehu Muhammadu Gibrima, babban malamin Tijjaniyya da ya rasu a 1975, jirgi ya sha sauke masu ziyara da masu neman karatu.

Su wa suka shimfiɗa dogon?

Safiyo da injiniya Turawa ne, amma haƙa da ɗaukar ƙasa a kwando da jan ƙarfe talakawan ƙauyukan hanya ne. A Arewa ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai ake tara leburorin irin wannan aiki, a yanka wa kowane gari adadin da zai kawo. Tsofaffi suna kiransa ɗiban gwamna. Ana biyan ɗan abin da ake biya, amma ba a tambayar mutum ko yana so.

Waɗanne tashoshi ne a hanya? Kuma me ya sa jirgin bai shiga Haɗeja ba?

In ka taso daga Kano za ka wuce Jogana da Zakirai, ka shiga Jigawa ta Ringim, sai Taura, Gagarawa, Malam Madori, Birniwa, sannan Nguru. Akwai ƙananan wuraren tsayawa a tsakani.

Haɗeja kam layin ya bar ta a gefe, Malam Madori ce ta zama tasharta, kuma da wannan ta girma. Za ka ji ana cewa wai sarki ne ya ƙi, amma irin wannan labari kusan kowane garin da dogo ya kauce wa yana da nasa. Ni taswira na fi gaskatawa. Layin ya bi tudu ta arewacin kogi, ya nisanci fadamar da ruwa ke malalewa duk damina, ya kuma ratsa tsakiyar gonakin gyaɗa. Wanda ke ƙirga kuɗin gada da na cikon ƙasa haka zai yi.

Wani abin lura: inda tasha ta faɗo nesa da tsohon gari, sai sabon gari ya tsiro a jikinta. Shi ya sa har gobe ake cewa Gagarawa Gari da Gagarawa Tasha.

Me ya hana a zarce da shi Gashuwa, har Maiduguri?

Duk mai kallon taswira zai ga kamar nan ya dosa. Shekara da shekaru Nguru ce tashar Borno, kayan lardin da yawa nan suke zuwa su hau jirgi. Amma da aka tashi kai dogo Maiduguri, sai aka zaɓi wata hanya dabam: daga Kuru kusa da Jos, ta Bauci da Gombe. An fara a 1958 da rancen dala miliyan 28 daga Bankin Duniya, wanda shi ne rancen farko da bankin ya ba Najeriya, aka isa Maiduguri a 1964. Tsawonsa kimanin kilomita 640.

Ta fuskar gwamnati zaɓin yana da hujja, don ya buɗe ƙasar Bauci da Gombe mai auduga da gyaɗa, wadda ba ta da dogo sam. Ta fuskarmu kuwa ranar da jirgi ya yi usur a Maiduguri, ranar aka raba mu da rabin cinikinmu. Kayan gabas suka sami tasu ƙofar. Nguru ta koma ƙarshen wani reshe, ba ƙofar lardi ba.

Yanzu jirgin fasinja yana zuwa?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi, kuma amsarta tana da ranar lalacewa kamar madara. Shekaru da dama ke nan jirgin wannan layi yana yi yana tsayawa. A dawo da shi a yi murna, ya yi wata da watanni yana zirga-zirga tsakanin Kano da Nguru, sai ruwan damina ya cinye ƙasar ƙarƙashin dogo a wani wuri, ko a janye kan jirgin zuwa wani layi, sai shiru. Ko a lokacin da yake aiki ba kullum yake tashi ba, wasu ranaku ne a mako, ya je yau ya komo gobe.

Saboda haka kada ka dogara da jadawalin da ka gani a Facebook, ko wanda wani ya tura maka a WhatsApp, ko da hoton takarda mai hatimi ne. Zuwa da kai ya fi saƙo. Je tashar Kano ko ta Nguru kwana ɗaya ko biyu kafin tafiyarka, ka tambayi shugaban tasha ko mai sayar da tikiti. In ba ka gari, sa ɗan'uwa ya leƙa. 'Yan dako da masu shayin bakin tasha ma sukan riga kowa sanin ko jirgi zai zo, tunda abincinsu a nan yake.

In yana aiki, awa nawa ake yi? Me ya sa yake jan ƙafa haka?

Ka ba tafiyar wuni guda, kada ka ɗaura wa kanka alƙawari a ranar. Mota ta fi shi sauri nesa ba kusa ba.

Dalilan jinkirin a fili suke. Dogon tsoho ne, ƙarami, faɗinsa milimita 1,067, kuma inda ƙasa ta yi laushi dole direba ya rage gudu har mai keke ya iya jerawa da shi. Layi ɗaya ne tal, ba a shiga tsakanin tasha da tasha sai an ba direba izini cewa gaba babu kowa. Ga tsayawa a kowace tasha, kuma tsayawar ba ta hawa da sauka kaɗai ba ce. Buhu hamsin na jiran lodi a nan, a can ana sauke katifa da kwanon rufi. Wani lokaci a kwance tarago a ajiye, a ɗauki wani. Ga shanu da ke tsallaka layi ba sa sauri don kowa.

Mutanenmu sukan ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Kamar don wannan jirgi aka yi maganar.

To me zai sa mutum ya bar mota ya hau shi?

Kuɗi da kaya. Tikitinsa bai taɓa kusantar kuɗin mota ba, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 tazarar da ke tsakanin aljihun talaka da tashar mota ta ƙara faɗi. Mai iyali bakwai da zai je biki Kano, ko mai kwalin kifi shida, ko ɗan ci-rani da buhun gero da tabarma, lissafinsa ba irin na mai jaka ɗaya ba ne. Sannan akwai ƙauyukan da ke jikin dogo amma nesa da kwalta. Su jirgi ba zaɓi ba ne, shi ne hanya.

Akwai kuma sakewa. Kana iya miƙe ƙafa, ka tashi ka zaga, yaro ya yi barci a shimfiɗe. Babu shingen da za a tsayar da ku a ce a sauke kaya. Tsoho mai ciwon baya da za a kai asibiti ya fi samun sauƙi a benci da a matse shi mutum huɗu a kujerar baya.

A ina ake yankar tikiti? Ana iya saye ta intanet?

A tagar tasha, da kuɗi a hannu, ranar tafiya. Sayen tikiti ta intanet da aka fara a 2021 na sababbin layuka ne irin na Abuja zuwa Kaduna. Duk wanda ya ce ka tura masa kuɗi ya kama maka kujerar jirgin Nguru, ka riƙe kuɗinka.

Ka je da wuri, ka tanadi canji. Riƙe tikitin har ka sauka, don ana bi tarago-tarago ana dubawa, kuma wanda aka kama babu shi zai biya fiye da abin da ya guje wa. Kada ka sa rai da faskila mai gado irin wadda aka sani a jirgin Legas zuwa Kano. Wannan jirgin gama-gari ne, kowa da kowa benci ɗaya, wanda ya riga shi ke zama kusa da taga.

Kaya fa? Zan iya shiga da buhuna ko akuya?

Abin da za ka iya ɗauka a hannu ka tura ƙarƙashin benci, naka ne. Abin da ya wuce haka, buhunan hatsi, kwalayen kifi, keken ɗinki, babur, sai an auna an yanka masa takarda, a sa shi a taragon kaya. Rubuta suna da garin da za a sauke a jikin kowane ƙunshi da babban rubutu, kuma ka tsaya ka ga an loda da idonka. Ku yi ciniki da ɗan dako kafin ya ɗora a kai, ba bayan ya sauke ba. Wannan shawarar jikan ɗan dako ce.

Dabbobi da yawa sai an nemi tarago tun kafin ranar. Kaza ɗaya ko biyu a kwando kuwa, ban taɓa hawa jirgin da babu su ba. Fetur a jarka da tukunyar gas kada ma ka fara.

Me zan riƙe na hanya? Yaya sallah da abinci?

Ruwa mai yawa, buta, darduma, fitila ko waya mai caji, da mayafi. Da hunturu ƙura ke shigowa ta taga har ka sauka fari fat kamar an tono ka, da bazara kuwa ƙarfen tarago yakan yi zafin da ba a jingina da shi. Abinci ba abin damuwa ba ne. Kafin jirgi ya gama tsayawa 'yan talla sun kewaye shi, tire a ka: dafaffen ƙwai, rake, gyaɗa, ƙosai, fura da nono, dabino, aya. Ta taga ake ciniki. Ka karɓi kaya da canjinka kafin a busa usur, in ba haka ba ka ga yarinya na bin jirgi da gudu tana miƙo maka naira hamsin, kai kuma hannunka bai kai ba.

Sallah ana yinta a tashar da aka daɗe, amma ka tambayi ma'aikaci minti nawa za a yi, kuma ka yi ta kusa da taragonka. Ni na koyi wannan da jikina. Ina saurayi, a Malam Madori, na idar da azahar lafiya lau, sai ƙamshin tsire ya ja ni bayan wani shago. Ina cewa a ƙara yaji na ji ƙarar ƙarafa na haɗuwa. Kafin in zagayo, taragon ƙarshe ya wuce ni, jakata da takardun makarantata na ciki. Na tsaya da tsire a takarda, kunya ta hana ni ci. A bayan motar hatsi na ƙarasa Kano, kuma na riga jirgin isa da awa biyu. Da ya shigo, sai ga wata dattijuwa da muka zauna benci ɗaya ta sauko da jakata a kanta, a kan nata ƙunshin.

"Ɗan nan, ina ka shiga?"

Na ce, "Iya, sallah na tsaya."

Ta dubi takardar da ke hannuna, man tsire ya huda ta, ta ce, "To Allah ya karɓa."

Mace ita kaɗai ko da yara za ta iya bin sa?

Mata su ne rabin fasinjan wannan layi tun fil azal, masu zuwa biki da suna da 'yan kasuwa. Ki zauna inda mata suka taru, ki sa yara ta ciki ba ta bakin ƙofa ba, don ƙofofin sukan kasance a buɗe jirgi na tafiya. Kuɗi da waya a jiki, ba a jakar da ke ƙarƙashin benci ba. In jirgi zai isa da dare, a sa wani ya zo tarya. Samari masu hawa rufi ko maƙalewa a tsakanin taragu kuwa, ganganci ne da ya sha cin rai a layukan ƙasar nan.

Me ya durƙusar da harkar, bayan duk wannan ciniki da ka faɗa?

Ba dare ɗaya ba ne, kuma ba abu ɗaya ba ne. A 1964 jiragen ƙasan Najeriya sun ɗauki fasinja sama da miliyan 11. Shekara goma bayan nan, a 1974, ba su kai miliyan 5 ba. A tsakanin waɗannan shekaru abubuwa suka taru suka faɗa wa layi irin namu.

Na farko rikicin 1966 da yaƙin basasa. Ƙwararrun ma'aikatan reluwe da yawa 'yan Gabas ne, direbobi da makanikai da magatakarda, suka bar Arewa cikin 'yan makonni. Ba a maye gurbin irin wannan hannu da wuri.

Na biyu gyaɗa ta mutu. Farin 1972 zuwa 1974 ya ƙone ƙasar, cutar da ta kama gyaɗa a 1975 ta ƙarasa abin da ya rage. Dalar gyaɗa ta ɓace a Kano, manoma suka koma gero da wake. Layin da aka gina don buhun gyaɗa ya wayi gari babu buhun. Tunda kuwa kaya ne ke biyan kuɗin gyaran dogo, ba tikitin fasinja ba, da kaya suka tafi sai gyara ya bi su.

Na uku kuɗin mai. Gwamnati ta zuba su a kwalta, attajirai suka zuba nasu a tirela. Tirela tana zuwa har ƙofar shago, ba ta jiran jadawali, ana kuma ciniki da direbanta. Dillalin shanu da ya ga dabbobinsa za su isa Legas cikin kwana biyu bai sake waiwayar tasha ba. Tafiyar jirgi daga Nguru zuwa Legas ta haura kilomita 1,300, ga jiran a haɗa tarago a Kano.

Ruwa ma ya sauya hali. Bayan an gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa daga baya, ambaliyar da fadamar Haɗeja da Nguru ta saba da ita ta rikice. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, wani wuri ya bushe, wani ya cika ya ƙi janyewa. Masunta da manoma suka ji a jikinsu, dogo ma ya ji.

An yi ta yunƙurin gyara. An kawo Indiyawa suka riƙe Hukumar Jiragen Ƙasa daga 1979 zuwa 1982, kuma tsofaffin ma'aikata har yau suna yabon wannan ɗan lokaci. An ba kamfanin CCECC na Sin kwangilar gyara a 1995. An sake gyara babban layin Legas zuwa Kano, jirgin fasinja ya dawo kansa a ƙarshen 2012. Amma a kowane zagaye uwar layi ake fara dubawa, reshe sai abin da ya rage. A ganina nan gizo ke saƙa: duk wanda ya auna layin Nguru da ma'aunin riba zai rufe shi, alhali ba a taɓa tambayar titin mota ko ya mayar da kuɗinsa ba.

Sabon jirgi irin na Abuja zuwa Kaduna zai iya zuwa Nguru?

A kan wannan dogo, a'a. Sababbin layukan faɗinsu milimita 1,435 ne, namu 1,067, ƙafar wancan ba ta zama a kan wannan. Sai dai a shimfiɗa sabo fil. Layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 ta Kazaure da Daura da Katsina ya bi, da reshe zuwa Dutse, bai shafe mu ba.

Abin da ya sauya shi ne doka. Gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi damar shiga harkar jirgin ƙasa, wadda da ta gwamnatin tarayya ce ita kaɗai. Kano da Jigawa da Yobe suna da layi ɗaya da ya ɗinke su, a shimfiɗe, da tashoshinsa da filinsa. Ba ma sai an kawo mai sanyi da talabijin ba. Kan jirgi biyu masu lafiya, a gyara magudanan ruwa kafin damina, a tsayar da ranakun tashi a riƙe su, mutanen layin nan ba su nemi fiye da haka ba.

In na sauka a Nguru, ina zan iya zarcewa?

Tashar a cikin gari take, babur ko Keke Napep zai kai ka tashar mota cikin 'yan mintuna. Daga nan akwai motocin Gashuwa ta gabas, daga can ka wuce Gaidam ko ka gangara Damaturu. Ta arewa maso yamma akwai Machina, kusa da iyakar Nijar. Mai sha'awar tsuntsaye ya zo da hunturu, lokacin da baƙin tsuntsaye daga Turai ke sauka a fadama, ya nemi hanyar Dagona a ƙasar Bade. Dausayin Haɗeja da Nguru yana cikin wuraren da duniya ta amince a kiyaye tun shekarar 2000.

Ana barin mutum ya shiga ya ga tashar ko da babu jirgi?

Ana bari, amma ka fara yin sallama a ofis, musamman in za ka ɗauki hoto. In ka yi sa'a ka tarar da tsohon ma'aikaci a inuwa, saya masa goro ka zauna. Shi zai nuna maka layin gefe da kan jirgi ke bi ya zagayo ya kama ɗaya ƙarshen taragu in zai koma Kano, da inda ake ba jirgin kwal ruwa kafin zuwan na dizal, da wurin da kantunan gyaɗa suke. Duba jikin ƙarfen dogon da kyau, a gefe, za ka ga an zana sunan masana'antar da ta ƙera shi da shekarar. Sai ka goge ƙasar da hannu kafin rubutun ya fito.